Sabulun da Na Sassaƙa wa Malam Habibu

Ina cikin adaidaita a Tarauni, kan hanyar aiki, Hajiya Rabi, matar Malam Habibu, ta kira ni. "Asma'u, Malaminku ya cika da safen nan." Na yi salati, na ce wa direba ya juya zuwa gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, har da sanyi a raina. Ya sha jinya, kuma abin da na fi tsoro bai faru ba: bai tafi da tambayarsa babu amsa ba.

Malam Habibu ne ya koya mini ilimin haɗa magunguna, daga baya muka yi aiki tare a ɗakin bincike. Ya ƙarar da rayuwarsa a kan binciken maganin hana daskarewar jini, irin wanda masu ciwon zuciya ke sha. Maganin ba ya son wasa. In ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya gaza jini ya yi gudaji. Malam yana zargin zafin Kano da laimar damina suna sauya siffar ƙananan ƙwayoyin garinsa tun a kanti, har ya ƙi narkewa a jiki yadda ya kamata. Shekara da shekaru yana duƙe a kan madubin da ke girmama ƙanƙanin abu, yana neman hujja.

Mutum ne mai tsanani, wallahi. Kullum maganarsa, "Faɗa mini abin da kika gani, ba abin da kike fata ba." In ya ga magani a rana a wani kemis na Unguwa Uku, sai ya tsayar da mota. "Alhaji, wannan fa ba shanyar barkono ba ce. Mayar da shi inuwa."

Sai ciwon suga ya tafi da ganinsa. Mutumin da aikinsa kallo ne! Ya koma gida, aikin ya dawo hannuna, jikinsa kuma kullum baya yake yi.

Da damina ta yi nisa na gani da idona. Ƙwayoyin da ke da tsini da gefe mai kaifi sun dagule sun zama dunƙule. Na garzaya gidansa na kwatanta masa da baki, ya girgiza kai. "Ban gani ba, 'yata." Na fita na sayo sabulun wanki, na zauna a tsakar gida da reza ina sassaƙa siffofin biyu. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ke Asma'u, boko ne wannan ko wanki?"

Na ɗora masa su a tafin hannu. Ya daɗe yana shafawa.

"Wannan ne na damina?"

"Shi ne, Malam."

Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Ashe dai ba hauka nake ba. Alhamdu lillahi. To ki sake gwadawa kafin ki faɗa wa kowa."

Zan sake, Malam, da yardar Allah.

Ya Allah ka jiƙan Malam Habibu, ka yafe masa kurakuransa, ka sa jinyarsa ta zama kaffara. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ya yi ƙarshen rayuwarsa cikin duhu bai yi ƙorafi ba. Ya Rabbi, ka haskaka masa kabarinsa. Amin.