Tuwon da 'yata ta ajiye a bayan murhu

Ni malamar firamare ce a Hadejia. Lokacin da abin nan ya faru ina da aure da 'ya ɗaya mai shekara shida. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye unguwarmu, muka koma gidan iyayen mijina, aka ba mu ɗaki ɗaya. Cikin ɗan abin da na tsira da shi akwai wani littafin Turanci da abokiyar aikina ta ara mini, ƙagaggen labari da aka gina a kan tatsuniyoyin mutanen Rasha.

Ban taɓa jin daɗin littafi kamarsa ba. Gida cike da mutane, ga sauro, ga warin laka, gonarmu ta shinkafa tana ƙarƙashin ruwa, amma da na buɗe shi sai in gan ni a dajin da ƙanƙara ta rufe, inda wata tsohuwa ke da bukka mai tafiya da ƙafafun kaza, da wani ɗan tsoho mai gemu da ke zaune a bayan murhu yana tsare gida muddin ana ajiye masa abinci. Bayan la'asar nakan zaunar da 'yata in ba ta labarin da Hausa. Ɗan tsohon nan ta fi so. Wata rana ta tambaye ni, wai da a ce muna da irinsa da ruwa bai ci gidanmu ba? Dariya kawai na yi.

Ashe kullum sai ta gutsuri tuwonta ta kai bayan murhu. Gwaggon mijina ce ta kama ta, yarinya kuwa ta ce ummanta ta gaya mata akwai mai tsaron gida a wurin. A kwanakin akwai jaririn da ke fama da zazzaɓi a gidan. Kafin magariba magana ta koma ina ciyar da iskoki, kuma ni na jawo wa jaririn ciwo. Na ɗauko littafin na rantse musu tatsuniya ce, amma zanen tsohuwar da ke bangonsa ya ƙara dagula al'amarin. Mijina kaɗai ke jin Turanci a cikinsu, kuma ya sha zama yana saurarenmu yana dariya. Na dube shi, ya sunkuyar da kai. Ya ce in tafi gidanmu a Miga har hankula su kwanta. Saki ne ya biyo bayana, suka riƙe yarinyar.

Da aka yarda na je ganinta, ta daɗe a laɓe a bayan kakarta kafin ta matso. Ta riƙe gefen hijabina, ta ce a hankali, "Umma, ni ce na sa aka kore ki?" Na ce mata a'a, na maimaita, amma na ga ba ta yarda ba.

Ban ga laifin littafi ba, ban kuma daina karatu ba. Sai dai na gane yaro ba ya raba tatsuniya da gaskiya sai an raba masa, balle yaron da ya ga ruwa ya rushe ɗakinsu yana neman abin da zai tsare na gaba. Iyaye mata, idan yaro ya yi tambaya ku amsa masa, kada ku wuce da dariya. Ku kuma da kuka san gaskiya ranar da ake yi wa wani ƙazafi, ku buɗe baki. Shirun mutum ɗaya ya raba ni da 'yata, ya bar ta tana ɗauke da laifin da ba nata ba.