Diyyar Gonar Inna

Shekarar da aka fara aikin titin kwalta tsakanin Kontagora da Yawuri, ina da shekara ashirin da ɗoriya, ba mata, ba sana'a, sai taurin kai. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Kamfanin titi na ɗibar leburori, na je na ba da sunana ban shawarci kowa ba, aka sa ni cikin masu haƙan kwalbati.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta so ba tun farko. Bakambara ce, 'yar ƙabilar Kambari, Hausarta ta kasuwa ce, ta tsince ta da girmanta. Babanmu ya rasu ya bar mata gona ɗaya a bayan gari da ɗa namiji ɗaya, wato ni. A lokacin surutu ya cika gari a kan titin nan. Wasu na cewa za a kafa masa ƙofa, mota ba ta wucewa sai ta biya. Wasu kuma, cikin raɗa, na cewa babbar gada ba ta tsayuwa sai an ba ta kan mutum. Inna ta haɗa biyun ta yanke hukunci: hanyar da ke karɓar kuɗi, ba abin da ba za ta karɓa ba.

Ana nan sai safiyo, masu awon ƙasa, suka kafa turaku masu jan fenti, layinsu ya ratsa tsakiyar gonarmu. Mai unguwa ya tara masu gonaki ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, gwamnati za ta biya diyya. Mutane suka watse suna murna. Inna kuwa ta dawo gida tana tafiya kamar wadda aka ɗora wa turmi.

Sai da na matsa mata na gane. Sau ɗaya ta taɓa jin kalmar diyya a rayuwarta, a gaban alƙali, lokacin da aka kashe ƙanenta a wani faɗa aka kawo wa danginsu shanu. A wurinta diyya kuɗin jini ce, ba ta da wata ma'ana. Tunda an ce za a kawo diyya gidanmu, to, akwai wanda za a kashe a gidanmu. Kuma ga ni kullum cikin ramin kamfani.

Na yi mata dariya, na yi bayani, na kawo liman, na kawo wani maƙwabcinmu malamin coci da ke jin yarenta. Duka ta saurare su cikin ladabi, ta ba su ruwa, suka tafi ba su motsa ta ba. Ta ce in gona ake saye a ce kuɗin gona mana, ai ta san kalmar.

Abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, tsoronta ya kama ni. Ina cikin rami katafila ta wuce a sama, ƙasa ta zubo mini a wuya, sai in ce shi ke nan, ajali ya zo. Helluma, shugaban leburori, ya kira sunana, sai in tsaya ina tunanin me ya sa ni kaɗai. Na san shirme ne, amma abinci ya daina yi mini daɗi. Ga kuma wata fargabar ta zahiri: gona dai za ta tafi ko an so ko an ƙi, kuma in Inna ba ta dangwala yatsa ba, mun tashi a tutar babu, don da sunanta aka rubuta gonar.

Ranar biya aka kafa tebur a ƙofar mai unguwa da hantsi. Na roƙi izini a wurin aiki, na raka ta, ina ta lallashi a hanya kamar mai kai akuya kasuwa. Ta biyo ni ba gardama, har na fara sa rai. Da layi ya zo kanta, akawu ya turo mata tawada ya ce ta kawo babban yatsa. Ta ɓoye hannuwanta cikin zane.

"Malam, wannan kuɗi, wa ya mutu?"

Akawun ya ce ba wanda ya mutu, Iya, diyyar gona ce. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

"To, gona na ba ku kyauta," in ji ta. "Ku rubuta. Ɗana ne ban sayar ba."

Mai unguwa ya yi, dattawa suka yi, ni har da ɗaga mata murya a gaban jama'a, abin da nake nadamarsa har yau. Ta juya ta kama hanyar gida. Bayan mako biyu katafila ta bi ta kan dawarmu tun ba ta fid da kai ba.

Wannan shekarar mun sha wuya. Inna ta koma aikin ƙodago a gonakin mutane, ita da ke da tata. Na yi kwanaki ina gaishe ta a taƙaice, ita kuwa ko a jikinta. Barci take yi sosai, har waƙa take yi a bakin murhu. Kullum na dawo daga aiki sai ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta gyaɗa kai.

Aka gama titin, ba a kafa masa ƙofa ba, ba wanda gada ta ci a cikinmu. Na ce mata, "Inna, kin gani ko? Ba abin da ya same ni."

Ta ce, "Na gani mana. Ai shi ya sa."

Daga ranar ban sake yi mata gyaran Hausa ba. Ta rasu tana da yaƙinin cewa da gonarta ta fanshe ni.