Kukan Tayar Baya

Kunne ake ce masa a maɗaba'a, kuma ba banza aka laƙaba masa sunan ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi tsaye a gefen injin buga takardu, wani ƙaton abu mai shan tawada kamar ba gobe. Yana daga bakin ƙofa, ko jakarsa bai ajiye ba, zai ce a kashe, akwai noti guda da ya saki a ɓangaren da ke jan takarda. A kashe, a buɗe, a tarar da notin yana rawa. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka siddabaru ne. Shi kuwa yakan ce babu wani siddabaru, inji yana magana, mutane ne ba su iya yin shiru ba.

Yana da shekara hamsin da biyu ya sayi motar. Ta hannu ce, ta bi ta hannun mutum uku kafin ta iso gare shi. Ruwan toka, ƙofa huɗu, cikinta ya kusa shafar ƙasa, irin wadda aka ƙera don gudu amma aka sa mata kujerun baya don kada iyali su yi ƙorafi. Ranar da ya shigo da ita layi, masu zaman benci a ƙofar shagon aski suka ce lallai tsufa ya zo wa Kunne da gardama. Ya ce musu da tsohuwar zuma ake magani, ya rufe ƙofar gida.

Abin dariyar shi ne, bai taɓa wuce tamanin da ita ba. Autarsu, wadda ke aure a can ɗaya gefen gari, takan ce Baba ya sayi doki yana tafiyar jaki. Ba gudun ya saya ba. Muryarta ya saya, musamman in ya sauko daga giya ta huɗu zuwa ta uku a gaban kwana, ta yi wani gurnani a hankali kamar mutum na gyaran murya. Da kunne yake canja giya. Allurar auna gudu da ke gabansa kuwa, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Kowace Asabar da safe yana ƙarƙashin rumfar kwano, bonet a buɗe. Yakan zo da guntayen farar takarda daga wurin aiki, ya ɗiga baƙin mai a kai, ya ɗaga wa rana yana duba launinsa yadda yake duba tawada. Ya kwance fulogi ya goge, ya kaɗe filta, ya leƙa ruwan lagireto, ya zagaya tayoyi huɗu da ma'aunin iska. Rigakafi ya fi magani, in ji shi, kuma mota ta hannu kamar maraya ce, ba ka san abin da ta sha a gidajen baya ba. Gyare-gyaren ƙawa kuwa ba ya yin fiye da ɗaya a shekara. Wata shekara ya sa mata shakazoba, abin tare gargada, masu ɗan tauri don ta zauna daram a kwana. Wata shekara tayoyi masu ɗan faɗi. Wata shekara ya canja birki, ya sa aka naɗe sitiyari da fata. Amma manne-mannen takardu a gilashi, da salansar nan ta samari mai tayar da unguwa, waɗannan ya tsane su tsana mai tsanani. Yakan ce mota mai ciwo ce ke ihu.

Abin da ya fi ƙarfin rumfar kwano sai ya kai wa Dogo, bakaniken da garejinsa ke jingine da katangar makarantar firamare. A makarantar nan matar Kunne ke koyarwa. Malama kowa ke ce mata, har shi mijin, kuma rabin unguwar sun bi ta gaban allonta, Dogo ma haka. Yanzu ya haura arba'in, da gemu da 'ya'ya huɗu, amma in ta gifta ta ƙofar gareji sai ya ɓoye hannayensa masu baƙin mai a baya, kamar za ta duba farce. Ita da motar kuwa babu gaba, babu ƙawance. Takan ce shiga cikinta kamar zama a kwandon wanki ne, fita kuma sai gwiwa ta yi kuka.

Zuwan Kunne gareji biki ne ga masu koyon aiki. Ba ya cewa a duba masa mota. Sai dai ya ce fanbel ya fara tsufa, ko kuloci ya kusa, Dogo ya kwance ya tarar haka ne. Dogo yakan gaya wa sauran masu motoci cewa da kowa irin Baba ne, da bakanike bai sha wahala ba. Kunne yakan kawar da kai kamar bai ji ba, alhali maganar tana yi masa daɗi har cikin ƙashi.

Abin da ya fara ɓace masa shi ne ƙyas-ƙyas ɗin sigina. Wata rana ya yi tafiya mai nisa tana ta ƙiftawa, sai da wani mai babur ya zo daidai tagarsa ya yi masa nuni da hannu. Ya ce ƙila wayar ce ta saki. Ya duba, lafiyarta lau. Bayan nan tsuntsayen da ke kan rumfa suka yi shiru, sannan ƙarar cokali a kofi, sannan ƙarshen kalmomin mutane. Injin da ya ba shi suna shi ne ya ci kunnen a hankali, shekara bayan shekara, kamar yadda gara ke cin ƙyaure. A maɗaba'a abin bai tonu ba, don can kowa da ihu yake magana, kuma ya koma dafa injin da tafin hannu yana jin rawar jikinsa. A gida ma bai tonu ba, a ganinsa, don Malama dama da muryar aji Allah ya yi ta.

Bai gaya wa kowa ba. Tsoro ya ji, tsoro na gaske. In Kunne ba ya ji, to wane ne shi?

Ranar da ya sauko daga ta huɗu zuwa ta uku bai ji komai ba sai girgizar kujera, ya gangara gefen titi ya daɗe zaune, hannu a kan sitiyari. Washegari ya je wurin Dogo ya ce a canja mata salansa, a sa mai ɗan sauti. Dogo ya dube shi, ya dubi motar, sannan ya canja ta. Masu zaman benci kuwa suka sami abin yi na wata guda. Suka ce wanda ke zagin samari ga shi ya shiga layinsu, saura ya rina gemu. Ya shanye, don da ya taka totur muryarta ta dawo masa, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, amma ta dawo.

Sai dai salansa gurnani kawai ta mayar masa. Ƙananan koke-koken nan da mota ke fara yi kafin ta kwanta, su kam sun tafi. Ya san haka, kuma ya san mota mai shekarunta ba ta rasa ƙorafi. Sai ya ƙirƙiro dabara: duk wata biyu ya kai ta gareji, ya fito yana ɗaure fuska kamar mai nazari, ya bar Dogo ya fara magana.

Dogo kuwa kamar an saka shi. Tun kafin a kashe inji zai matso daf da shi, ya ɗaga murya kamar yana yi wa na ƙarshen gareji bayani, ya ce ai ya san abin da ya kawo Baba, wannan tsuwar da birkin gaba ke yi da safe ce, ko ba haka ba? Kunne ya gyaɗa kai ya ce ita ce. A kwance a tarar haka ne. Dogo ya juya ga mutane ya ce kun gani ko, Baba ba ya kuskure. Haka aka yi a kan birki, haka a kan famfon ruwa, haka a kan wani ƙarfe da ya saki a ƙarƙashi. Kunne yana komawa gida da kunya a cikinsa, yana ganin sata yake yi daga bakin yaron kirki. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa yadda Dogo ke jin tsuwar safe da ƙarfe huɗu na yamma ba.

Shekara biyu ana haka.

Wata Laraba wuta ta lalace a maɗaba'a, aka sallame su da rana tsaka. Ya bar motar a gida ranar, don haka ya biyo ta gareji a ƙafa zai karɓi filtar da ya sa a nemo masa. Lokacin tashin makaranta ne. Yana zagayo bayan wata tsohuwar bas da aka ɗora a kan duwatsu, sai ya hango Malama.

Tana tsaye a tsakiyar gareji, jakar littattafai a kafaɗa, takalmanta masu tsabta a cikin ƙasa mai baƙin mai. Dogo na gabanta, hannaye a baya, kai a sunkuye. Ta riƙe wani sitiyari da babu shi, ta murza shi hagu a hankali. Sannan ta tsuke baki, ta kumbura kumatu, tana fitar da wani sauti, tana ɗaga hannu sama-sama alamar yana ƙaruwa. Ta miƙe sitiyarin, ta sauke hannun. Ta sake murzawa hagu, ta sake kumbura kumatu. Ta nuna bayanta da babban yatsa, ta ɓangaren dama. Matar da ko a gida ba ta dariya da baki buɗe, ga ta tana kukan mota a gaban mutane, kuma babu wanda ya ko murmusa.

Bai ji ko ɗigon sautin ba, amma ya gane ciwon sarai. Kukan da ke ƙaruwa in an yi kwana hagu, daga baya ta dama, boris ɗin taya ne, ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa. Ya gane sauran ma. Ya tuna yadda a 'yan shekarun nan ta daina ƙorafin gwiwa, take cewa ya kai ta gidan Auta, ya kai ta kasuwa, ta zauna shiru ta ɗan sauke gilashi, ta karkata kai. Shi a zatonsa iska take sha.

Da farko haushi ne ya taso masa, don babu namijin da ke son a ce an daɗe ana rufa masa asiri bai sani ba. Haushin bai kai ko'ina ba ya narke. Ya juya ya koma gida ba tare da filtar ba. Ranar nan da wadda ta biyo bayanta bai ce komai ba, ita ma ba ta ga alama ba.

Ranar Asabar bai buɗe bonet ba. Ya ce mata ta zo su zaga. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗauko mayafi. Suka fita ta titin da ke bayan asibiti, inda akwai wata doguwar kwana ta hagu. Ya shiga kwanar a hankali, ya fita, ya gangara gefe ya tsaya, bai kashe inji ba.

"Malama," ya ce, idonsa na kan titi, "me take cewa?"

Ta ce wace ce, kamar ba ta gane ba. Ta daɗe tana kallon gefen fuskarsa, sannan ta gyara zama, ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Tana kuka ta baya, ɓangarena. In ka yi kwana hagu ya fi yawa. Yau kwana tara."

"Boris ne."

"Haka Dogo ya ce."

Maganar ta riga ta fita kafin ta kama bakinta. Ya sa giya suka nufi gareji.

Akwai mutane kamar kullum, masu jiran a gama musu, da masu zaman hira kawai. Dogo ya taho yana goge hannu, ya ga Malama a gaban mota, ya ɗan yi turus, amma ya daure ya ɗaga murya ya fara karatun da ya saba, wai ai ya san abin da ya kawo Baba. Kunne ya ɗaga masa hannu.

"Bari, Dogo. Ba ni na ji ba, Malama ce ta ji. Ni kunnena ya tafi, ya fi shekara biyu."

Bai san da ƙarfi ya faɗa ba, don mai ciwon kunne ba ya auna muryarsa. Har mai facin taya na tsallaken titi sai da ya ɗago. Dogo ya sunkuyar da kai yana murza tsumman hannunsa, ya ce wani abu a hankali.

Kunne ya juya ga matarsa. Karo na farko ke nan da ya yi wannan tambayar a gaban mutane.

"Me ya ce?"

Malama ta fito daga motar da ƙyar, tana dafa ƙofa saboda gwiwa. Ta zagayo ta tsaya a gefensa, ta ɗaga murya yadda take yi wa 'yan bencin baya.

"Ya ce ko ba ka ji ba, kai ka faɗi sunan ciwon. Ni kuma na ce in an gama da tayar, ranar Litinin za mu je a duba naka."

Ya ce to. Dogo ya jawo jak ya tura ƙarƙashin motar ta baya, ɓangaren dama. Kunne ya tsuguna kusa da shi, ya ɗora tafin hannunsa a kan tayar, ya ce a juya ta a hankali.