Takardar da Ta Tare Yaya a Majalisa

Ranar da rediyo ya faɗi sunan yayana cikin waɗanda shugaban ƙasa ya aika wa majalisa don a ba su muƙami, kafin la'asar gidanmu na Ƙofar Rini ya cika maƙil. Mutanen da rabonmu da su tun rasuwar Inna sai ga su da goro, kowa na cewa shi dama ya hango. Abokansa sunka yanka sa a gidansa na Arkilla, mata sunka fitar da anko. Shi kuwa gogan, washegari ya ajiye aikin gwamnatin da yake yi, wai ya wuce nan.

Baba kaɗai ya ƙi karɓar barka. Tsohon alƙali ne, ba ya son gaggawa. Duk wanda ya durƙusa sai ya ce masa, "Shugaba zaɓe yay yi, ba naɗi ba. Sai majalisa ta tantance ta ce ta yarda. Ku bari a haihu kamin ku raɗa suna."

Ni ma ban yi guɗa ba, kuma kowa ya san dalili. Shekara biyu kafin nan Yaya ya sayar da gonar geron da na gada daga Inna a Dundaye, ba da sanina ba. Na yi kuka har na gaji. Baba ya kira shi, ya ce zai gyara, bai gyara ba. Anka ce in yi haƙuri don zumunci, na haɗiye, amma wallahi abin bai wuce maƙogwarona ba.

Ranar tantancewa munka taru gaban talabijin. Na gabansa duk anka ce su rusuna su wuce. Da anka zo kan Yaya sai mai jagorantar zaman ya ɗaga wata takarda, ya ce ƙorafi ya iso daga gida, an jingine sunansa sai an bincika. Goron Goggo, ƙanwar Baba, ya faɗo daga bakinta.

Daga nan zargi ya shigo gida ya shimfiɗa tabarma. Da fari anka ce abokan aikinsa ne, sannan anka ce wani ɗan siyasa ne mai nasa ɗan takara. Kafin mako ya zagayo, idanu sunka dawo kaina. Matar Yaya ta daina amsa gaisuwata, shi kuma ya daina ɗaukar wayata. Goggo ta ja ni kicin ta ce, "Ke ɗiyar ga, dube ni da kyau. Mi kika aika Abuja?"

Ikon Allah! Ni da ko ƙofar majalisar jiha ban sani ba. Sai ni ma ciwon zargin ya kama ni. Mijina malamin makaranta ne, ya iya rubutu, kuma bai taɓa yafe zancen gonar ba, don haka na zazzage jakarsa yana wanka, kunya ta ishe ni. Ita kanta majalisar ban yarda da ita ba. Yaushe kukan mace kan gonar gero ya fara tsayar da naɗin shugaban ƙasa? Na ce lalle akwai lauje cikin naɗi.

Wata Jumma'a bayan an sauko masallaci, Yaya ya tara dangi a zauren Baba, ya sa anka kira ni. Ya ɗauko Alƙur'ani ya ce in dafa in rantse. Na tashi zan yi alwala.

"Aje Littafin Allah," in ji Baba. "Ni nir rubuta, da sunana da sa hannuna."

Yaya ya ce, "Baba, kai?"

"Ni. Shugaba bai san ka ba, takardunka yag gani. Majalisa an aje ta ne don ta ji daga waɗanda sunka san ka, ni ko na san ka. Wanda yac ci amanar ƙanwa tai kan gona guda, in yi shiru a damƙa mai amanar ƙasa? Mi zan ce ma Ubangijina?"

Yana maganar hawaye na bin gemunsa. Tunda nike ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba, ko ranar da anka fita da Inna.

Bayan wata guda anka janye sunan Yaya, anka aika da wani. Aikin da ya ajiye ma an riga an ba wani. Na wanku a gaban dangi, amma ban ji daɗin komai ba, kuma har gobe Goggo cewa take ni na zuga tsoho.

Yaya na zuwa gaida Baba kowace Jumma'a, ya durƙusa har ƙasa, don ɗa ba ya fushi da uba. Fushin ya rasa wurin sauka sai kaina. In munka haɗu a zaure sai ya raɓa ya wuce, shekara huɗu ke nan bai kira sunana ba.