Ɓarakar da Aka Ɗinke Kafin In Buɗe Baki

Edita, Allah ya ƙara maka haƙurin karanta damuwar mutane. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasu ma muna haɗuwa wurin biki. A lokacin da wanga abu ya faru ni matar aure ce a Wurno, na yi karatun kwamfuta a Sakkwato na dawo gida ba aiki. Maigidana malamin firamare ne, shi ya lallaɓa ya samo mini kwamfutar hannu, na mayar da ita sana'a. Ka san wurinmu, matar aure ba ta zuwa shagon namiji ya ɗauki hotonta ya tambaye ta shekarunta. To ni sai in bi su har ɗaka. Rajistar jarabawa, neman makaranta, ƙungiyar mata manoma, duk ni ke cika musu. Daga Wurno har Dinawa da Kwargaba, wani lokaci Rabah da Goronyo, ba gidan da ake tsayar da ni a zaure. Jarina ke nan, amana. Sai kuma wani hali da Inna ta gaji da yi mini faɗa a kai: abin da na sani ba ya kwana a cikina, kuma wallahi a lokacin alfahari nake da hakan.

Cikin matan da nake yi wa aiki akwai ƙawata ta ƙuruciya, wadda aka kai aure Goronyo gidan wani ɗan kasuwar albasa. Tare muka gama sakandare, ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Burinta ɗaya, ta shiga makarantar koyon aikin lafiya ta dawo ta riƙa karɓar haihuwa, saboda ta ga yadda mata ke ƙin zuwa asibiti in an ce namiji ne ke bakin aiki. Shekaru ta yi tana lallashin mijinta kafin ya yarda, da sharaɗin cewa ni kaɗai zan ɗauki hotonta, ni zan cika komai. Na ɗauka, na cika, sunanta ya fito cikin masu zana jarabawar shiga. Ranar da na kai mata labari rawa ta yi a tsakar gida da muciya a hannu.

Ana cikin haka wata safiya na kunna kwamfuta, sai na ga sanarwa daga masu burauzar da nake amfani da ita, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Sun ce an gano wata ɓaraka da mugun shafi zai iya bi ya kwashi kalmomin sirrin da mutum ya ajiye, sun kuma toshe ta, kowa ya sabunta tasa. Nan take na sabunta. Amma sai na tuna matan nan ba sa riƙe kalmar sirri, ni ke ajiye musu a cikin burauzar. Ban ga alamar an taɓa komai ba, ko ƙwaya ɗaya. Duk da haka na ce haƙƙinsu ne su sani, mu canza kalmomin don hankali ya kwanta. Sai aka yi daidai da wani suna a unguwarmu, rabin masu hulɗa da ni suna wurin. Na ce maimakon in bi gida-gida bari in hutar da kaina in faɗa a nan. Ana rabon tuwo na miƙe na ɗaga murya na yi bayani, da daɗin bakina har da ba'a. Wata dattijuwa ta tambaye ni ko hotunan ɗiyansu ma cikin na'urar nan suke, na ce mata i, ciki suke. Iyakar abin da ya faru ke nan, Allah shi ne shaida.

Ba a yi nisa ba sai ga saƙon murya yana yawo a wayoyi. Akwai wani mutum a yankinmu mai shafin labarai, wanda in ya yi magana har masu shayi ke ƙure murya su saurara. Ya fara da salati, sannan ya ce wata mata mai shiga gidajen mutane da kwamfuta ta amsa da bakinta cewa hotunan matan aure sun faɗa hannun 'yan damfara. Ya ce ya yi bincike, ya gano burauzar da take amfani da ita ce ta fi kowace yawan ɓaraka a duniya, alhali akwai wani shago a hanyar Achida da ba a taɓa jin aibin na'urarsa ba. Bai kama sunana ba, amma mace nawa ce ke yawo da kwamfuta a jaka tsakanin Wurno da Goronyo? Ni fa na san shagon nan, na taɓa buga takarda a can. Burauzarsa tun da aka sayi na'urar ba a sabunta ta ba, gargaɗi na fitowa yana rufewa kamar mai korar ƙuda. Ba a ji aibinta ba saboda ba mai faɗi. Ita kuwa tawa, masu ita har lada suke ba duk wanda ya gano musu ɓaraka, su toshe, su sanar wa duniya. Dole lissafinsu ya yi yawa. Mai shafin labaran ya ƙirga ɓarakokin da aka gano aka ɗinke, bai tambayi waɗanda ke buɗe har yau ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa maigidana ya kira shi, na karɓi wayar na yi masa bayani dalla-dalla, har na tambaye shi mi ya hana ya neme ni kafin ya saki magana. Ya ce ai shi ƙarya bai yi ba, ni na faɗa, jerin ɓarakokin burauzar ma yana nan a intanet kowa na iya gani. Da na matsa ya ce zai gyara. Ya gyara ɗin, amma a rubuce, layi ɗaya a ƙarƙashin tallan takin zamani. Zargi da murya, gyara da boko! Tsohon da ke gindin bishiya ya ji muryar har sau nawa, wa zai karanta masa layin? Daga nan gidajen da nake shiga kai tsaye suka fara aiko mini cewa matar gida ba ta jin daɗi, ko ta yi baƙi. Wannan duk na iya haɗiye shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kiran ƙawata, murya ƙasa-ƙasa, ta ce mijinta ya ce maganar makaranta a bar ta, ga jarabawa ta matso.

Na shiga mota na tafi Goronyo. Karon farko a rayuwata aka shimfiɗa mini tabarma a zauren gidan. Mijin ya fito ya gaishe ni da mutunci, Malama yake ce mini, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Na san ƙawata na bayan ƙofa, ina jin motsin awarwaronta. Na yi masa bayani da abin da ya sani. Na ce masa a kasuwar albasa akwai wanda ke zazzage buhu gaban mai saye ya tsince ruɓaɓɓu ya ware, akwai wanda ke ɗinke baki ya ce tasa ba ta taɓa ruɓa ba, wanne zai saya wa? Har murmushi ya yi, ya ce na farko mana, maganata ta shige shi. Na ji sanyi a raina, na ce an gama. Sai ya gyara zama ya ce amma iyalinsa ba albasa ba ce, kuma abokan kasuwarsa sun san ni na ɗauki hoton. Ya ce abu ɗaya yake so, in dafa Alƙur'ani in rantse cewa babu idon baƙon da ya ga hoton nan, babu kuma wanda ya shiga na'urata kafin a toshe. In na rantse, gobe shi da kansa zai kai ta jarabawa.

Edita, ya sa aka kawo Alƙur'anin aka ajiye gabana. Na ce masa a iya sanina ba wanda ya shiga, na bincika ban ga komai ba, kuma zan rantse a kan hakan. Ya ce ba iya sanina yake tambaya ba. To ni ta yaya zan rantse a kan abin da ban gani ba? Wanda ya san aikin nan ba ya cewa babu ko kaɗan, sai dai ya ce ban gani ba. Na san da mai shagon Achida aka tambaya da ya dafa ba tare da ƙifta ido ba, da zuciya ɗaya kuma, tunda bai san akwai abin tsoro ba. Na dubi littafin, na dubi ƙofar da ƙawata ke bayanta, na ce masa wannan rantsuwa ba zan iya ta ba. Mijin ya ce ya gode da gaskiyata, ya sa aka kawo mini albasa rabin buhu in tafi da ita gida. Ban ji motsin awarwaron nan ba kuma.

Ba ta zana jarabawar ba. Da shekara ta zagayo ba wanda ya ƙara tayar da maganar, ni ma ba a ƙara kirana gidan ba. Har yau ba hoton mace ɗaya da ya fita, ba wadda aka taɓa wa komai. Wasu gidajen sun buɗe mini daga baya, wasu sun koma kai matansu Achida cikin mayafi, gaban na'urar da ba ta taɓa faɗin aibinta ba. Mai shafin labarai kuwa yana nan yana sakin murya, ina jin ma ya manta.

Bara na je asibiti a Goronyo duba wata 'yar'uwa, sai na hango ƙawata a layin awo, ciki ya tsufa, mata cike da baranda suna jiran ma'aikaciya ɗaya tilo, wata baiwar Allah Kirista da aka turo daga wata jiha, tana ta fama ita kaɗai. Na zauna kusa da ƙawata muka gaisa kamar baƙi. Can ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, wai ɓarakar nan an toshe ta kuwa? Na ce mata an toshe tun kafin in buɗe baki a wurin sunan. Tana kallon ƙofar ɗakin awo ta ce to mi ya sa na faɗa. Ba da faɗa ta yi tambayar ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ina juya tambayar nan. Ban yi nadamar faɗin gaskiya ba, na yi nadamar inda na faɗe ta. Maganar da ta shafi mutuncin mata ba a jefa ta tsakiyar taro ana rabon tuwo, da na bi su ɗaya-ɗaya da ƙafata da ba ta zama abin da ta zama ba. Ku kuma masu ɗaukar labari, ku ji tsoron Allah. In kun ji an ce manhaja kaza tana da ɓaraka, ku tambaya an toshe ko ba a toshe ba, wa ta cutar, kuma wadda ake yabo shin lafiya gare ta ko shiru ta yi. In kun yi zargi da murya, ku gyara da murya. Ku masu turawa gaba, ku tuna akwai wata a bayan ƙofa tana saurare. Ina rubuta wanga ne saboda kwanan baya wata sanarwar ta sake fitowa a kwamfutata, irin ta farko sak. Na sabunta, na canza wa matan kalmominsu da hannuna, na rufe na'urar na sa a jaka. Ni da abu ba ya kwana a cikina, ban gaya wa kowa ba.