Inna Habsu, wadda ta kankare mini maiƙon rumfa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Habsu ta rasu.

Da safiyar nan ina hura wuta ɗiyarta Salmu ta kira ni. Ta ce bayan sallar asuba Inna ta ce ƙirjinta ya riƙe, kafin a samo amalanken da zai kai ta wurin likita rai ya yi halinsa. Na tsaya da waya a kunne har wutar ta mutu ban sani ba.

'Yan garinmu Bande kun san ta, tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a bayan tasha. In kuma kun taɓa cin shinkafa da wake a rumfata kuka ce wurin Balki akwai tsabta, to aikinta kuka yaba.

Na yi mata wani abu ban nemi gafararta ba. Shi ya sa nake wannan rubutun, ina jin ƙyamar kaina.

Shekarar da na karɓi rumfar, wani mai suyar kifi ne ya tashi daga cikinta. Allah ya yafe masa, amma ban jin mutumin nan ya taɓa sanin ana sayar da soso a kasuwa. Bango ya yi baƙi ƙirin yana naso. Tebur in ka ɗora hannu sai da ƙarfi za ka ɗaga. Bayan murhu maiƙo ya daskare kamar danƙo, matattun ƙudaje da kyankyasai sun maƙale a ciki, har da wutsiyar ƙadangare. Ga warin tsohon mai, ga ƙarnin kifi. Ranar farko sau biyu ina fita ina amai.

Masu duba tsabta suka zo suka ce mako guda suka ba ni, in ban gyara ba kada in sake in ɗora tukunya.

Ni kuwa gwanar wayo, na ɗebo ruwan randa mai sanyi na sheƙa, na bi da garin sabulu. Maiƙon ya ƙara ƙanƙamewa, ya bi tsumma ya shafe har inda da babu shi. Da na gaji sai na sayo fenti, in rufe abin kowa ya huta.

Ina buɗe gwangwanin sai ga Inna Habsu ta leƙo. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta lakaci bango da yatsa, ta sansana, ta juya ta tofar da yawu.

"Tir! Ɗiyata, ƙazantar za ki yi wa kwalliya? Bari bazara ta zo ki gani, narkewa zai yi ya tsattsafo miki cikin miya. Rufe gwangwanin nan."

Na ce, "Inna, na wanke ya ƙi fita."

Ta ce, "Ba ki wanke ba, kin dai jiƙa shi. Wa ya ce miki ana fara wa maiƙo da ruwa?"

Ta koma gida ta dawo da ƙwarya cike da dusar gero, da tokar kara, da jar kanwa, da sakaina guda biyu. Dusa ta fara mulka wa bango da tebur a bushe, ta bar ta ta tsotse man, sannan muka bi da sakaina muna kankarewa. Abin da ke zubowa ƙasa, ku yi haƙuri, ko kare ya sansana sai ya kauce. Bayan nan ta tafasa ruwa da toka da kanwa, muka dirje da soso tun yana ƙona hannu. Lemon tsami ne ƙarshe, saboda ƙarni.

Kwana uku muka yi. Ni ina toshe hanci da gyale, ita tana yi mini dariya, wai amaryar birni ta zo gona. A rana ta uku na ga tafin hannunta ya tsattsage, kanwa ta ci shi har jini. Ta shafa man kaɗanya ta ci gaba.

Da masu dubawa suka dawo, ɗaya ya tambaye ni ko sabon bango na gina.

Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ta aje mini gwangwanin toka a bakin ƙofa. Ranar da na haihu ita ta tsaya a kan tukwanena har aka yi suna. In ta shigo ba ta kallon inda na goge, gindin kasko take kifawa ta duba.

To, rumfa ta bunƙasa. Na sa karo, wato tayil, a bango, na sayi murhun gas, ma'aikata masu takalma sawu ciki suka fara zuwa cin abincin rana. Sai kai ya fara yi mini girma.

Makon jiya na sama ta zo da tokarta ana tsakiyar cin abinci. Kun san mai ƙuli, warin man gyaɗa ba ya barin zanenta. Wani daga cikin masu cin abincin ya yatsina fuska ya ja kujerarsa baya. Mutumin da na sha gani yana sakace haƙori da tsinken ashana yana tofarwa a ƙasan teburina! Maimakon in ji haushinsa, sai na ji kunyarta.

Na ja ta ta ƙofar baya, na ce, "Inna, ai yanzu mun daina toka, akwai maganin kwalba da ake fesawa."

Ta miƙa yatsa ƙarƙashin murhun gas ɗin ta lakato, ta nuna mini. Baƙi, yana yauƙi.

"Kwalbar taki ba ta da yatsa, ɗiyata."

Ta kama hannuna ta danƙa mini ƙuli-ƙuli mai ɗumi, ta ce na yara ne. Tana sakina na goge hannuna a zane. Wallahi ban san na yi ba sai da na ga idonta a kan hannun.

Ta yi murmushi ta ce, "Goge da kyau. Ai ni na koya miki."

Ta ɗauki gwangwaninta ta tafi.

Na ce gobe zan je in ba ta haƙuri. Goben ta zama ranar kasuwa, ranar kasuwa ta wuce ina fama da tukwane. Tsakanina da gidanta ko tafiyar minti biyar babu.

Yanzu na dawo daga gidan. Kafin a fita da ita an leƙo wajen mata aka ce duk wadda Inna ta ɓata wa ta yafe mata. Kowa ta ce ta yafe. Ni bakina ya ƙi buɗuwa, don ni ce ke neman a yafe mini, kuma mai yafewar tana cikin likkafani.

Na ja Salmu gefe na tambaye ta ko Inna ta taɓa yi mata maganata a 'yan kwanakin nan. Ta yi tunani, ta ce a'a, Inna ba ta ce mata komai ba.

Ya Allah ka gafarta wa Inna Habsu, ka haskaka kabarinta, ka wanke ta daga kurakuranta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Salmu da 'yan'uwanta haƙurin rashi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, kada ya tsaya a danna alama kawai. In kun gama tata, ku roƙa mini Allah ya sa ta yafe mini kafin ta cika, ko da a zuciyarta ne.