Aikin da Baba Akanta Ya Riƙe

Waɗanda suka tashi a layin nan har yanzu suna tuna ɗakin Baba Akanta: ɗan ɗaki a bakin ƙofar gida, fanka mai ƙugi kamar tana roƙon a sallame ta, da teburin da aka tokare ƙafarsa ɗaya da tsohuwar kalanda. Da ya yi ritaya daga kamfanin sufuri, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin diddigin kuɗin mai da na taya, sai ya buɗe ɗakin ga 'yan unguwa duk Asabar. Mai wanki, mai gyaran rediyo, matan ƙungiyar ɗinki, kowa ya zo da rasiɗansa a leda, wasu har da maiƙo a jiki. Ko sisi ba ya karɓa. Alƙalaminsa kore ne, irin na masu binciken kuɗi, kuma duk wanda ya samu 'yar alamarsa a gefen shafi sai ya fita yana taku kamar ya ci jarrabawa.

Ya iya koyarwa. "Aljihunka daban, aljihun shago daban," haka yake fara wa kowa, "ko da a wando ɗaya suke." Ya koya musu rubuta ciniki, ware riba daga uwar kuɗi, da ajiye wani abu don ranar da inji zai lalace. Abu ɗaya ne bai taɓa koya wa kowa ba: rufe lissafin shekara. Idan lokacin ya zo sai ya karɓe littattafan, ya ce wannan aiki sai gwani, ya ja ƙofa. Bayan kwanaki ya fito da rahoto tsaf. Unguwa ta ɗauka tausayi ne. Ƙila shi ma haka ya gaya wa kansa. Amma tun rasuwar matarsa, Asabar ce kaɗai ranar da ake sallama a ƙofar gidan ana nemansa shi, ba Auta ba, 'yarsa ma'aikaciyar jinya. Kuma ya san duk wanda ya iya rufe shekararsa ba shi da sauran dalilin zuwa.

A shekarar da aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi karatu. A makon aikin ne kuma banki ya nemi rahoton ƙungiyar ɗinki kafin ya ba su sababbin kekunan ɗinki. Shugabarsu, wadda yake kira Uwar Zare, ta zo gaisuwa da littattafai a ƙarƙashin mayafi, tana kunyar fito da su.

"Baba, ya jiki? Ka ga an naɗe ka kamar sabon kaya."

"Da sauƙi. Ajiye su, nan da wata guda na duba."

Auta na tsaye da kwalbar maganin ɗigawa. "Wata guda? Baba, an ba wasu kekunan ke nan. Ka faɗa mata yadda ake yi, ta yi da kanta mana."

"Aikin nan da wuya, Auta."

"Allura ma da wuya, amma na koya wa maƙwabciyarmu ta yi wa mijinta." Ta ɗaga haɓarsa, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Ko tsoro kake su daina zuwa?"

Maganin ya gangaro masa a kunci, bai share ba. Can ya ce, "Uwar Zare, matso. Ja layi biyu a ƙasan shafin ƙarshe."

Yana faɗa tana rubutawa: kayan da suka rage a shago, abin da ya shigo, abin da ya fita, gefe biyu su daidaita. Sau ɗaya ta ɓata, ta gano da kanta kafin ya buɗe baki. Rana ba ta karkata ba ta ajiye biro.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Yanzu wannan ne kake kulle ƙofa a kansa kwana da kwanaki?" Ta yi dariya har da tafa cinya. "Mu muna can muna cewa kada a yi hayaniya, Baba na haɗa bam."

Shi ma ya yi dariyar, kaɗan. Tana ɗaure littattafan ta tambaye shi ko ta koya wa mai wanki da sauran.

"Koya musu," ya ce. "Ki fara da mai rediyo, shi ne ya fi taurin kai."

Da Asabar ta zagayo ya tashi da wuri, ya sa farar rigarsa ta aiki, ya ce wa Auta ta share ɗakin ta fito da kujeru.

"Guda nawa, Baba?"

Ya kasa kunne ga titi.

"Fito da biyu tukuna."